Ƙeyar Lasaru Mai Begila

A duk faɗin Negombo, daga kasuwar kifi har bakin gadar da kwale-kwale ke kwana, babu mutumin da ya halarci wasan kurket na ƙasa da ƙasa kamar Lasaru Kurera mai busa begila. Shi ya ce wasa ɗari uku. Matarsa Rosalin, wadda ke wanke farar rigar da yake zuwa da ita, ta ce ɗari da 'yan kai. Mu danginsa muka raba gardamar, muka tsaya a kan ɗari biyar, don kada a raina gidan.

Gajere ne, ga tumbi, ga sanƙo mai ƙyalli wanda in rana ta take masunta ke gane gaɓar teku da shi. Amma kumatunsa su ne abin kallo. In ya cika su da iska sai ka rantse kwakwa biyu ya ɓoye a baki. An ce ranar da aka haife shi, kukan farko da ya tsala sai da hankakin unguwa suka yi kwana uku ba su dawo ba, ungozomar kuwa har ta bar duniya da kunne ɗaya take jin magana. Ubansa Peduru, shugaban makaɗan papare, masu begila da ganga, na unguwar, ya leƙo ya saurara, ya ce, "Wannan ba na makaranta ba ne." Haka kuwa aka yi. Aji huɗu Lasaru ya yi, ya fito da iya rubuta sunansa da zana kifi. Daga nan ya shiga bin uban, yau bikin coci, gobe ɗaurin aure, jibi jana'iza. Begila ɗaya, busa kusan ɗaya, sauri kawai ake ƙarawa ko a rage.

Yana da shekara ashirin da biyu aka fara kiran makaɗansu babban fili a Kolombo, su riƙa zaburar da 'yan kallo. Ranar farko ya hau matakala, ya hangi ciyawa kore shar, ga 'yan wasanmu suna miƙa jiki, sai ya saki baki. Peduru ya kama kafaɗarsa ya juya shi kamar buhun shinkafa.

"Nan za ka kalla."

"Tatta, ai mutane ne kawai a nan."

"Su aka kawo ka ka busa wa. In ka kalli fili, numfashinka ƙwallo zai bi. Ta tashi sama ka riƙe, a cafe ta ka saki. To a lokacin da aka fitar mana da mutum, kowa ya yi sanyi, wa zai ɗaga su? Ka ba fili baya. In ka juyo, ka ba ni begilata ka tafi kamun kifi."

Peduru ya rasu shekara ashirin ke nan, amma Lasaru bai juyo ba. Wasan yini ɗaya kuwa ba wasa ba ne ga mai busa: kowane ɓangare zubi hamsin, kowane zubi jifa shida, awa takwas cur a rana. A ci, a busa. A sha kashi, a ƙara ƙarfi. Haƙoransa biyu na gaba a filin nan suka zube, ɗaya ma ana zargin ta cikin begilar ya bi ya faɗa kwanon wata baiwar Allah a layi na tara. Shekara talatin da shida yana wannan aiki, fuskarsa ga jama'a, ƙeyarsa ga fili, ba wanda ya taɓa lura. Wa zai kalli mai busa alhali ana wasa?

In ba ya fili, yana shagon Nawfar. Shago ne na shayi da kottu a bayan kasuwar kifi, talabijin a maƙale a bangon ciki, dogon benci na fuskantarta. A bakin ƙofa, bayan bencin, Nawfar ke tsaye gaban farantin ƙarfensa mai zafi, faffaɗan ƙarfe biyu a hannu, yana daddatsa gurasar roti da ƙwai da albasa su zama kottu, kaf-kaf-kaf, daga la'asar har ya tashi. Shi bai taɓa sa baki a zancen kurket ba. In an tambaye shi sai ya ce bai gane kan wasan ba, shi dai idonsa ne ke hutawa a wurin.

Bencin nan kuwa majalisa ce, kowa da mazauninsa. Tsakiya na Gunasiri Masta ne, tsohon malamin lissafi, mai tabarau da littafin da ya rubuta makin kowane ɗan wasa tun zamanin rediyo. Gefensa Siril mai babur mai ƙafa uku, sai Marsal mai gwanjon kifi, wanda ko gaisuwa zai yi sai an ji shi a coci. Can ƙarshe, jikin ginshiƙi, nan ne wurin Lasaru. A karkace yake zama, gefensa ga talabijin, yana cewa haskenta na sa masa ciwon ido. Wurin nan shi ne na mai maganar ƙarshe. Kalma biyu yake da su, da su yake kashe kowace gardama: "Ina wurin."

Ana saura kwana biyu 'yan wasanmu su kara da Ingila a can ƙasarsu, majalisa ta ɗauki zafi a kan wa zai ɗauki kofin duniya mai zuwa.

"Indiya ce kawai," in ji Siril. "Masu bugunsu daga na ɗaya har na takwas kowa na iya wuni a fili. Ka fitar da wannan, wanda zai shigo ya fi shi mugunta."

"Macan, abokina, kai duk wanda ya ci jiya shi ne gwaninka," in ji Marsal. "Bara Ostireliya ce uwarka da ubanka."

"Ostireliya ai ba ƙungiya ba ce, ciwon haƙori ce. Sai ka ce ta tafi, kana sa loma ta dawo."

"To Pakistan fa?"

"Su ai ko su kansu sai sun karya kumallo suke sanin wace Pakistan ce ta tashi yau."

Gunasiri Masta ya buɗe littafi, ya lashi yatsa. "Ku bar surutun 'yan tasha. A Ingila hadari ne kullum, ƙwallo na lanƙwasa a iska, masu murɗa ƙwallonmu kuma yatsunsu daskarewa suke yi. Abu ɗaya muke da shi, bahagon yaron nan. Shekara biyu ina faɗa muku kuna dariya. Ga makinsa a rubuce: sittin, tamanin da huɗu, tamanin da takwas. Jibi zai yi ɗarinsa na farko."

Lasaru ya kurɓi shayi ta gurbin haƙoransa. "Masta, yaronka gwani ne, ban ƙi ba. In yana bugu, masu tallan gyaɗa zama suke yi, don ba mai saye. Da wannan ake gane gwani, ba da littafi ba. Amma ba zai kai ɗari ba. Daga tamanin jama'a ke ɗauke numfashi, shi kuma yana ji, sai ya yi gaggawar sauke musu nauyin. Sau biyu haka ta faru. Ina wurin."

Masta ya rufe littafi, yana huci.

A daidai lokacin ne talabijin ta saka wani tsohon wasa da muka ci a Kolombo, don ɗumama mutane. Aka zo bugun ƙarshe, ƙwallo ta tsallake igiyar iyaka ta sama, maki shida ke nan, mai ɗaukar hoto ya bi ta har cikin 'yan kallo. Fuska dubu talatin sun ɗaga sama, baki buɗe. A tsakiyarsu ga wani abu zagayayye yana ƙyalli.

"Tsaya!" Masta ya miƙe har tabarau ya zame. "Wancan mene ne?"

"Wata ne ya fito da rana," in ji Marsal.

"Ƙeya ce! Ƙeyar Lasaru ce! Ana bugun da ƙasa ta shekara goma tana jira, shi ina yake kallo?"

Siril ya zaro waya, ya lalubo wani wasan. Ƙeya. Ya lalubo wani. Ƙeya, da 'yar sauran suma a lokacin. Wasa goma sha ɗaya suka duba, ƙeyar nan na tsufa a gabansu, ba ta taɓa juyowa ba.

Masta ya yi magana a hankali, irin yadda yake wa ɗalibin da ya kama da satar amsa. "Lasaru aiya, yayana, ka taɓa ganin an jefa ƙwallo ko sau ɗaya a filin nan?"

Lasaru ya iya ƙarya, kowa ya sani, kifin da ya ce ya taɓa kamawa sai da aka cire rufin kwale-kwale. Amma a kan abin da Peduru ya bar masa ba ya yi.

"Ban taɓa ba."

"Shekara goma sha biyar kana rufe mana baki! To daga yau ka tashi daga jikin ginshiƙin nan. Shayi dai ka sha, kottu ka ci, amma zancen kurket babu bakinka."

"Ni da ƙeyata na fi ku da idanunku sanin abin da ake yi."

"Au, haka ne?"

Nan take aka yanke. Ranar wasa za a ajiye masa kujera a ƙarƙashin talabijin, ya ba ta baya, a kashe sauti. Daga zubi na talatin zuwa na arba'in na bugun 'yan wasanmu, duk maki huɗu, wato ƙwallo ta gangara har igiya, duk shida, duk wanda aka fitar, ya faɗa kafin a sake nunawa. Kuskure uku, ya bar benci har abada. In ya tsira, ya koma wurinsa, Masta kuma ya ɗauki jakar begila ya bi shi da ita har Kolombo a wasa na gaba.

Rosalin na goge farar rigar da safiyar ranar ta ce, "In sun kore ka ka zauna gida mana. Ga kujera nan."

"In yi gardama da wa?"

"Da ni."

"Ke ai ba a cin ki."

Ta miƙa masa rigar ba ta yi dariya ba. Ta san abin da bencin yake a wurinsa. Makaɗan yanzu samari ne, suna da ƙarfin huhu, sun fara cewa Lasaru mama, wato kawu, ya riƙa hutawa tsakanin zubi. Filin na gab da ƙwace masa. In bencin ma ya tafi, saura kujerar gida da kallon kifi na bushewa.

Abin da bai sani ba, Masta ya tara mutane tun da rana ya koya musu darasi. Abin murna a yi tagumi, abin baƙin ciki a yi tsalle, jefi-jefi kuma a yi gaskiya don kansa ya kulle. Har gwaji ya sa suka yi, ya maimaita wa Marsal sau huɗu.

Mu muka fara bugu. Kafin rana ta faɗi shago ya cika har titi, sai da 'yan babur suka canza hanya. Lasaru ya zauna ƙarƙashin talabijin, jakar begila a cinya, fuska ashirin da wani abu a gabansa. Bahagon Masta na fili, yana da sittin da ɗaya.

Zubi na talatin, jifa na uku, mutane suka daka tsalle.

"Huɗu," in ji Lasaru.

Dariya ta ɓarke. Abokin bugun bahagon aka fitar. Masta ya ɗaga yatsa ɗaya.

Lasaru ya gane an haɗa masa. Ya ce to, juyawa suke yi, shi ma ya juya. Zubi na gaba suka sake tsalle.

"An fitar da shi."

"Shida ce, aiya!" Marsal ya kwarara ihu. "Har kan rufi!" Masta ya ɗaga yatsa biyu, yana murmushi kamar ranar raba sakamako.

Gumi ya keto wa Lasaru daga sanƙo har wuya. Fuskokin nan da ya sani kamar tafin hannunsa sun zama na 'yan wasan kwaikwayo. A fili mutum dubu talatin ba sa iya haɗa baki su yi ƙarya, amma mutum ashirin da malamin lissafi sun iya. Ya dubi ginshiƙi, ya ga Siril har ya matsa ya jingina da shi, yana gwada daɗin wurin. Sai ya rufe ido, ba don dabara ba, don kada ya gani.

Da ya rufe, sai ya ji ƙarafan Nawfar.

Kaf-kaf-kaf, kaf-kaf-kaf. Shekara goma sha biyar yana jinsu a bayan gardama kamar yadda ake jin teku. Yanzu ne ya saurara da kunnen makaɗi. Suna tafiya daidai, sai su ɗan ja, mai jifa ya taho ke nan. Su yi tsit na ƙiftawar ido, ƙwallo ta bar hannu. Sannan su ci gaba. Can sai suka yi tsit, suka zubo a guje, karararaf, kamar ganga ta ga amarya. Bayan haka ne mutane suka yi tagumi, a makare.

"Huɗu," in ji Lasaru, ido rufe.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Ba wanda ya tuna ya kira Nawfar darasi. Mutumin da ya ce bai gane wasa ba, ashe hannuwansa sun fi mai sharhin rediyo. In shida ce, tsit ɗin ya fi tsawo, sai ƙarfe biyu su sauka tare, gwaram. In an fitar da namu, ƙarfe ɗaya ne ke jan faranti, ƙiiii, kamar ana share hawaye. Lasaru ya shiga jero su. Huɗu. Huɗu. An fitar. Shida. Har ya fara ƙari: "Wannan saura kaɗan a cafe." Aka sake nunawa, ga ƙwallo ta suɓuce daga yatsun Bature. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta yi alamar gicciye.

Sai a zubi na talatin da tara Masta ya bi kunnen Lasaru da ido, ya ga inda ya karkata. Ya juya.

"Nawfar nana, ɗan'uwa! Kai ne!"

"Ni me? Wallahi albasa nake yankawa."

"Ajiye ƙarafan nan!"

"Masta, mutum shida ke jiran abinci."

"Su jira. Zubi ɗaya ya rage."

Marsal ya je ya karɓe ƙarafan ya soke a hammata. Shagon ya yi tsit irin wanda bai taɓa yi ba tun da aka gina shi. Lasaru ya buɗe ido. Kuskure ɗaya ya rage masa, jifa shida. Lissafin da yake yi a ka ya gaya masa bahagon ya wuce casa'in, fuskar Masta kuma ta gaya masa sauran, don ta yi fari kamar cikin kwakwa.

Jifa na ɗaya, ba komai. Na biyu, na uku, ɗan gudu. A na huɗu duk suka ɗaga haɓa sama tare, wannan ba a koya musu ɓoye shi ba. Ƙwallo na sama. Ko ta tsallake igiya, ko ta faɗa hannu a fitar da shi.

Suka daka tsalle. Siril ya hau benci, Marsal na kaɗa ƙarafan Nawfar a sama. Ko gaskiya ce, ko darasi ne? Murnar ta yi kyau ƙwarai, don zuwa lokacin sun ƙware. Lasaru ya bar su, ya nemi mutum ɗaya. Masta ma na tsaye, hannu a sama, baki buɗe yana ihu tare da kowa. Amma ɗaya hannun ya tashi da kansa ya zare tabarau, ya shiga goge shi da gefen riga.

Lasaru ya ga wannan a fili ya fi sau dubu. Wanda gwaninsa ya yi shida ba ya cire tabarau, jira yake a sake nunawa.

Kowa ya zuba masa ido. Ga amsa a bakinsa, ga damar cewa ai ya faɗa tun shekaranjiya. Sai ya buɗe jaka, ya zaro begila, ya cika kwakwa biyun nan da iska, ya saki busar da yake yi in an fitar mana da mutum, wadda ke da sauri, wadda Peduru ya ce kada a bari mutane su kai ga zama kafin a fara ta. Kofunan shayi suka yi rawa a kan kanta. Hankaki suka watse daga kasuwar kifi, har yau wasu ba su dawo ba. Masu tsallen ƙarya suka tsaya, sannan ƙafafunsu suka ɗauka da gaske. Nawfar ya fizge ƙarafansa ya bi shi da kiɗa a kan faranti.

Da ya sauke begilar ya ce, "An cafe shi a bakin igiya, Masta. Casa'in da nawa?"

"Da bakwai," in ji Masta.

"Yaro ne. Zai koyi toshe kunne. Wanda ya kai casa'in da bakwai a sanyin nan, ranar da ya zo Kolombo zan busa masa har ya daina jin numfashin mutane. A nan zai yi ɗarin."

Masta ya mayar da tabarau, ya dubi Siril. "Tashi daga nan, wurin mutane ne."

Lasaru ya koma jikin ginshiƙi, ya zauna a karkace, aka kawo masa shayi ba tare da ya tambaya ba. Wata biyu bayan haka duk wanda ya shiga jirgin ƙasan safe zuwa Kolombo ya ga tsohon malamin lissafi rungume da jakar begila, yana gargaɗin mutane kada su buge ta. A fili ma bai tafi kujerarsa ba. Ya tsaya gefen makaɗa, ya ce zai gwada ba fili baya ya ga abin da ake gani. Jifa biyu ya daure, a na uku wuyansa ya juya da kansa. Lasaru kuwa bakinsa na kan aiki.